An Ce Ruwa Ya Taru A Kan Baba: Mu Sayar Da Gona Mu Kai Shi Yawunde?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina rubutowa daga Garwa. Mahaifina shekararsa 74, tsohon ɗan kasuwar goro ne. Wata biyu da suka wuce ya faɗi a wurin alwala, goshinsa ya bugu, muka kai shi asibiti aka yi masa sikana. An ce babu jini babu karaya, amma a takardar da aka rubuta da Faransanci akwai "dilatation ventriculaire" da "atrophie". Wani ɗan'uwanmu ya karanta ya ce ruwa ne ya taru a kansa. Tun ranar gidanmu ba zaman lafiya. Yayanmu ya ce a sayar da gonar Baba a kai shi Yawunde a yi masa tiyata. Goggo ta ce jifa ne. Matarsa ta ce tsufa ne a bar bawan Allah ya huta, har ta rage masa ruwan sha. Kusan shekara guda ke nan yana jan ƙafa, ya daina zuwa masallaci, wani lokaci fitsari yana riga shi, kuma yana shakka a raka'a. Amma yana gane kowa, lissafin kuɗi bai ɓace masa ba. Wa zan bi?

'Yar Alhaji, Garwa

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri.

Kafin komai, yau ɗin nan a mayar wa Baba da ruwan shansa. Ruwan da ke cikin kai ba na randa ba ne da ya hau sama. Jiki ne ke tace shi daga jini, kuma hana mutum sha ba ya rage shi. Abin da hana shan zai jawo a zafin Garwa, inda a watan Maris da Afrilu ake wuce digiri 40, shi ne jiri, ruɗewa, ciwon mafitsara, da wata faɗuwar. Ki faɗa wa matar Baba wannan da ladabi, don na tabbata da kyakkyawar niyya ta yi. Haka kuma idan wani ya kawo ƙwayar sa fitsari daga kanti ya ce za ta janye ruwan, kada a ba shi.

Sai batun takardar. Ɗan'uwanku bai yi ƙarya ba, amma ya tsorata ku da abin da kowa ke ɗauke da shi. Ni da ke da Yayanku duk muna da ruwa a kai. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai ɗakuna huɗu cike da ruwa garau mara launi: manya biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, na uku siriri a tsakaninsu, na huɗu a ƙasa wajen ƙeya. Ƙananan hanyoyi ne suka haɗa su. A cikin ɗakunan ake samar da ruwan, kusan rabin lita kowace rana. Daga nan ya gangara, ya fito ya kewaye ƙwaƙwalwa da laka har ƙasan baya, sannan jijiyoyin jini su tsotse shi. A kowane lokaci abin da ke jikin babban mutum bai wuce mililita 150 ba, wato ana sabunta shi sau uku ko huɗu a yini. Shi ke tallafe ƙwaƙwalwa, mai nauyin kilo ɗaya da ɗan ɗoriya, kada ta riƙa bugun ƙashi, kuma yana wanke mata datti.

Idan kin ɗaga fim ɗin sikanar Baba wajen taga, za ki ga ƙashin kai fari fat ya yi zobe, ƙwaƙwalwa toka-toka a ciki, sai wani baƙin wuri a tsakiya mai fikafikai biyu. Wannan baƙin shi ne ɗakunan ruwa. A hoton saurayi ɗan shekara 25 sirara ne, har sai an lura. A hoton ɗan shekara 74 kuwa, ko da garau yake yana zuwa gona, za su fi faɗi. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa tana raguwa da shekaru. Daga wajen shekara 40 take fara motsewa a hankali, kimanin kashi 5 cikin 100 a kowace shekara goma, bayan 70 kuma abin ya ƙara sauri. Ƙoƙon kai ba ya raguwa tare da ita. Kin san gyaɗa ɗanya tana cika ɓawonta, idan ta bushe sai ta bar fili har ki ji tana kaɗawa. To a kai, filin ba ya zama haka nan, ruwa ke cike shi. Ɗakunan su buɗe, kwaruruwan da ke saman ƙwaƙwalwa su ma su buɗe. Ruwan bai matse komai ba, gurbin da aka bari ya shiga. Wannan shi ne abin da kalmomin nan biyu na takarda ke nufi a yawancin tsofaffi, kuma babu tiyatar da ake yi masa.

Mutane suna firgita ne don abin da suka sani shi ne jariri mai ƙaton kai. A jariri ƙasusuwan kai ba su haɗe ba, maɗiga a buɗe take, shi ya sa idan hanyar ruwa ta toshe kan ke kumbura. Wannan ciwo ne na gaske mai bukatar gaggawa, amma labarinsa dabam ne da na tsoho.

Likitoci suna da ma'auni. Suna auna faɗin gaban manyan ɗakunan biyu, su raba da faɗin cikin ƙoƙon kai. Wani likita mai suna Evans ne ya kawo wannan lissafi a 1942, kuma idan sakamakon ya haura 0.3 sai a rubuta cewa ɗakunan sun faɗaɗa. Matsalar ita ce tsofaffi da yawa masu ƙoshin lafiya suna haura wannan adadi. Mai karanta hoto kuma sau da yawa bai ga majinyacin ba. Abin da ya gani a fim ya rubuta, aikinsa ke nan. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga an miƙa wa iyali ambulan a bakin taga ba tare da wanda ya zaunar da su minti biyar ba.

Da a ce takardar kaɗai kika turo, kika ce Baba yana tafiyarsa masallaci yana hira a majalisa, da na ce matarsa ta yi gaskiya, ku ajiye fim ɗin a akwati. Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙarshen wasiƙarki: jan ƙafa, fitsari, da shakka a sallah. Waɗannan ukun idan suka haɗu a tsoho mai faɗaɗɗun ɗakunan ruwa, akwai ciwon da dole a bincika.

A 1965 wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Kolombiya, Salomon Hakim, wanda asalin iyayensa Labanan ne, tare da Raymond Adams na Amurka, suka bayyana wani nau'in taruwar ruwa a kan manya. A wannan ciwo ana samar da ruwan kamar kullum, amma tsotse shi ya yi rauni. Sai ɗakunan su riƙa buɗewa sannu a hankali, suna miƙe jijiyoyin da ke ratsa gefensu, waɗanda cikinsu akwai masu kai saƙo ƙafafu da mafitsara. Abin mamaki, idan aka auna ƙarfin matsin ruwan sai a same shi daidai ko kusa da daidai, shi ya sa ba ya zuwa da matsanancin ciwon kai da amai. A takardun Faransanci za ki ga an rubuta "hydrocéphalie à pression normale". Galibi bayan shekara 60 yake zuwa. Sau da yawa ba a gano musabbabi, wani lokaci kuma yakan biyo bayan tsohon bugun kai, zubar jini a ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau. Wannan na ƙarshen ya shafe mu, domin arewacin Kamaru da Chadi suna cikin yankin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Babban rigakafin da aka yi a ƙasashen biyu a 2011 na 'yan shekara 1 zuwa 29 ne. Sa'o'in Baba sun ratsa annobar rani da yawa ba tare da shi ba. Ki tambayi Goggo ko ya taɓa kwanciya da ciwon sanƙarewar wuya. Ita ce za ta tuna.

Abin da ya sa nake nanata wannan ciwo shi ne yana cikin 'yan ƙalilan da ke kama da gigin tsufa amma ana iya yi musu magani. Tsofaffi da dama suna ƙare rayuwa a kan tabarma ana cewa shekaru ne. Ban ce shi ke damun Baba ba. Daga wasiƙa ba a gane ciwo. Na ce dai ya cancanci a duba.

Tafiyar mai wannan ciwo tana da kama. Ki zauna a tsakar gida ki kalli Baba idan ya miƙe zai tafi zaure. Zai tsaya tukuna, yana son tafiya amma ƙafar ta ƙi ɗaguwa, kamar ta manne da ƙasa. Idan ya fara, ƙafafun a ware suke, yatsu suna kallon waje, taku gajere, tafin ƙafa yana share ƙasa har ki ji ƙarar silifas. A wurin juyawa abin ya fi fitowa: inda ke za ki juya da taku biyu, shi sai ya yi biyar ko shida yana laluben bango, kuma a nan aka fi faɗuwa, musamman a wurin alwala mai santsi. Amma idan ya kwanta kika ce ya ɗaga ƙafa ko ya tura hannunki, ƙarfin yana nan. Hannayensa kuma yawanci suna lilo yadda aka saba. Mai ciwon Parkinson ya bambanta: ƙafafu a matse, jiki a duƙe, hannu ba ya lilo, sau da yawa da karkarwa a hannu ɗaya.

Ga aikin da za ki yi a makon nan, ba ya cin ko sefa ɗaya. Ki auna mita goma a tsakar gida, ki sa alama. Wani ya tsaya kusa da shi don tsaro, ke kuma ki ɗauki bidiyo da waya: ya miƙe daga kujera, ya tafi, ya juyo, ya dawo, ya zauna. Ki ƙirga taku, ki duba daƙiƙu, ki rubuta da kwanan wata. Ki maimaita bayan mako biyu. Idan akwai tsohon bidiyon biki ko suna da ya fito yana tafiya, ki nemo. Likita zai amfana da wannan fiye da dogon bayanin mutum biyar suna katse juna.

Fitsarin kuma a yi hankali da shi, don a namiji mai shekara 74 abu na farko da ake zargi shi ne furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsara, sai ciwon suga, sai cutar mafitsara. Mai furostet yakan daɗe kafin fitsari ya fito, ya fito a raunane, ya tashi sau da yawa da dare. Mai ciwon da muke magana yakan ji matsuwa farat ɗaya, ƙafa kuma ta ƙi kai shi bayi da wuri. Suna iya haɗuwa a mutum ɗaya. Wannan tambaya ba ke za ki yi wa Baba ba, kunya ba za ta bar shi ya amsa ba. A nan Yayanku zai yi amfani, ko wani aminin Baba. Ina kuma zargin fitsarin ne ya raba shi da masallaci fiye da ƙafar. A nemi malamin unguwa ya zo ya gaishe shi, ya faɗa masa sassaucin da fiƙihu ya yi wa mai yoyon fitsari da mai sallah a zaune. Dattijo da ya shekara hamsin a sahun gaba, rabuwa da jam'i kaɗai ya isa ya sa shi shiru da mantuwa.

Mantuwar mai wannan ciwo ta fi kama da nawa: a yi tambaya ya daɗe kafin ya amsa, amma idan ya amsa daidai ne, ko a ɗan tuna masa sai ya kama. Mai cutar Alzheimer kuwa abin da aka faɗa masa ɗazu yakan goge gaba ɗaya, kuma tafiyarsa ba ta lalacewa da wuri. Cewa Baba yana lissafin kuɗinsa ya faranta mini rai.

Yanzu ina za a je? Ba Yawunde ba tukuna. Ku koma asibiti a nan Garwa da fim ɗin kansa, ba takardar kaɗai ba, ku nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, idan babu a lokacin to likitan cututtukan manya. Ku tafi da wanda ke jin Faransanci sosai kuma ba ya jin nauyin tambaya. A auna hawan jini da suga, a duba fitsari da furostet, a duba ido da kunne, a yi gwajin jini har da bitamin B12 idan ana yi. Ku zuba duk magungunan da yake sha a leda ku kai, har da na gargajiya da na barci. Hawan jini da suga da aka daɗe ba a kula da su ba suna lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, su hanzarta motsewarta, su kuma kawo irin wannan jan ƙafa. A gaskiya wannan ya fi yawa a cikinmu. Giya ma tana yin haka. Ba Alhaji nake nufi ba, masu karatu ne da ke da dattijo mai zaman gidan bilbil, wato giyar gargajiya.

Sannan ku yi wa likita tambaya ɗaya a fili: shin faɗin ɗakunan ya yi daidai da motsewar ƙwaƙwalwar, ko ya zarce? A tsufa zalla, ɗakuna da kwaruruwan sama tare suke buɗewa. A ciwon Hakim, ɗakunan suna da girma amma kwaruruwan tsakiyar kai a matse suke. Hoton IRM, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu (MRI a Turanci), ya fi nuna wannan, amma sikana mai kyau ma tana ba da haske. Idan likita ya yi zargi, akwai gwaji: a soka allura a ƙasan baya, irin wadda ake yi wa mai sanƙarau, a ɗebi ruwa mililita 30 zuwa 50, sannan a sake duba tafiyar bayan 'yan sa'o'i da washegari. Jiki yana mayar da abin da aka ɗiba cikin sa'o'i. Na san tsoron da ake yi wa allurar baya, ana cewa tana gurgunta mutum. A ƙasa da inda laka ta ƙare ake yin ta, kuma abin da aka fi samu bayanta ciwon kai ne na kwana kaɗan. Idan Baba ya miƙe bayan gwajin ya yi tafiyar da aka daɗe ba a gani ba, alama ce mai ƙarfi cewa tiyata za ta yi amfani. Idan bai canza ba, ba a rufe magana ba, amma fatan ya ragu, kuma likita zai auna sauran alamu.

Sai a lokacin maganar Yayanku ta shigo. Tiyatar ita ce a sa siririn bututun roba daga ɗakin ruwa, a bi da shi ƙarƙashin fata ta bayan kunne da wuya da ƙirji har cikin ciki, da ɗan bawul mai daidaita gudun ruwan. Ana yin ta a manyan asibitocin Yawunde da Duwala, kuma ku tambayi likitanku ko akwai mai yi kusa da ku. A waɗanda aka tantance da kyau, yawancinsu tafiya tana gyaruwa, fitsari yakan biyo baya, mantuwa ce ta fi taurin kai. Amma bututu yana iya toshewa, ƙwayar cuta tana iya kama shi, yana iya janye ruwa fiye da kima har jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Ma'ana ba tafiya ɗaya ba ce: mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, masauki, da komawa a duba shi. Wanda kuma ƙwaƙwalwarsa motsewar tsufa ce kawai, bututun ba zai ƙara masa komai ba sai haɗari. Sayar da gona kafin gwajin allurar baya, a ganina, ganganci ne. Zama shekara biyu ana jayayya shi ma kuskure ne, don idan ciwon ne, gwargwadon daɗewa gwargwadon raguwar amfanin aikin. Ku ba kanku wata ɗaya ku gama binciken Garwa.

Kada ki je wa Yaya da cewa ya yi kuskure. Mutumin da ya yarda a sayar da gona don ubansa ba abokin faɗa ba ne. Ki ce masa likitocin Yawunde ma waɗannan gwaje-gwajen za su fara nema, gara ku tafi da su a hannu, kuma ki roƙe shi shi ya jagoranci kai Baba. Goggo kuwa ki bar ta da addu'arta da rubutunta, ba sa hana awo. Iyakar da za ki ja ita ce tsaga a kai, hayaƙi a rufaffen ɗaki, da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Kuma a duk wasiƙarki ban ji abin da Baba ya ce ba. Gonarsa ce, kansa ne, hankalinsa yana nan. A zauna da shi a faɗa masa abin da hoton ya nuna a sauƙaƙe. Ina kyautata zaton ya ji ana raɗa "ruwa a kai" a tsakar gida, yana can yana tunanin abin da ya fi gaskiyar muni.

Abu ɗaya ba ya jiran wata guda. Idan ƙwaƙwalwa ta motse, ƙananan jijiyoyin jinin da suka haɗa ta da rufinta suna miƙewa, ƙaramin bugu sai ya tsinka su. Jinin yana iya ɗiga a hankali, hoton ranar farko ya fito fes, sai bayan makonni ko wata biyu zuwa uku alamu su bayyana. Baba yana cikin wannan lokacin yanzu. Idan kuka ga ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci da rana, ruɗewar da ba a saba ba, amai, rauni a ɓari ɗaya, karkacewar baki ko sarƙewar magana, a kai shi asibiti a ranar, a ce ya faɗi wata biyu da suka wuce, a nemi sabon hoto. Idan yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, a faɗa tun a bakin ƙofa.

Kafin nan a gyara gida. A sa masa kujera a wurin alwala, a zuba yashi ko a shimfiɗa abin da ba ya santsi. A kafa ƙarfe ko igiya mai ƙarfi a bangon bayi. A naɗe tabarmin da ke kan hanyarsa, a bar fitila a kunne da dare, a ajiye masa fo kusa da gado ba tare da an yi shela ba. A canza silifas da takalmi mai kama dunduniya. A riƙa tuna masa zuwa bayi duk bayan sa'o'i biyu, ya sha ruwansa sosai da rana, a rage shayi bayan magariba. Kuma kada a kwantar da shi don tsoron faɗuwa. Safe da yamma wani jika ya riƙe masa hannu su zaga tsakar gida, ranar Juma'a a samo mota a kai shi masallaci ko da a kujera zai yi sallah.

Idan kun ga likita, ki sake rubuto mini abin da ya ce game da kwaruruwan saman ƙwaƙwalwar, da adadin takun da kika ƙirga.